Inda Tarihi Ya Tsaya: Ganɗoki a Ma'aunin Tazyinul Waraƙati

Akwai wani hukunci da manazarta adabin Hausa suka daɗe suna yanke wa littafin Ganɗoki na Alhaji Muhammadu Bello Kagara, har ta kai ɗalibi ya kan haddace hukuncin tun bai buɗe littafin ba. Cewa a ke yi littafin ya rabu gida biyu, kashi na farko tarihi, kashi na biyu tatsuniya, kuma ɗinkin da ya haɗa su bai yi kyau ba. A kan yaba wa marubucin saboda yadda ya kawo yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da sunayen sarakuna da garuruwa na gaskiya, sa'an nan a zarge shi, ko a yi masa uzuri, saboda ya saki wannan hanya ya bi aljannu. Masu son littattafan tarihi su kan ce da ma ya tsaya a kan abin da ya auku. Masu sha'awar labaran ban al'ajabi kuwa su kan ƙosa da kashi na farko, suna ɗokin a kai wurin da takobi zai sari aljani. Kowane ɓangare rabin littafin ya ke karantawa, ya bar wa abokin gardamarsa ɗaya rabin.

Abin da wannan maƙala ta ke nufin nunawa shi ne rabuwar nan tana da wuri takamaimai, tana kuma da dalili, kuma dalilin yana cikin muryar mai ba da labarin. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ajiye Ganɗoki, wanda aka buga a 1934, kusa da wani littafi da ya girme shi da shekara 121, watau Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Littattafan biyu duk na mayaƙa ne, duk a cikinsu mutum ne ya ke ba da labarin fagen da ya tsaya da ƙafarsa, kuma duk sun kai ga ranar da aka ci mutanensu da yaƙi. A wannan rana ce hanyoyinsu suka rabu.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810, ya zauna can har 1815 da ya ƙaura zuwa Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi, Muhammadu Bello kuwa yana Sakkwato yana ginin sabon birni. Shekarun nan biyar su ne lokacin da shugabannin jihadi suka sami sararin waiwayar baya, su rubuta abin da ya wuce tun waɗanda suka gani da ido suna raye. Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, a zamanin zamansa na Boɗinga. Duk wanda ya rubuta tarihin jihadi daga baya, tun daga Waziri Junaidu a Tarihin Fulani na 1957 har zuwa Murray Last a littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato, daga rijiyoyin nan biyu ya ɗebi mafi yawan ruwansa. Mutumin Boɗinga ko Sifawa da ya ke karanta tarihin jihadi yana karanta abin da aka fara rubutawa ne a bayan gidansa, ko da kuwa da Turanci ya zo masa.

Zubin Tazyin abin lura ne. Malam Abdullahi ya tattara ƙasidunsa ne na Larabci, waɗanda ya yi a lokuta dabam-dabam, ya jera su bisa tsarin aukuwarsu, sa'an nan ya sa zube a tsakaninsu yana bayyana dalilin kowace ƙasida: wane malami aka yi wa ta'aziyya, wane gari aka je wa'azi, wane yaƙi aka yi, su wa suka yi shahada. Saboda haka littafin yana da murya biyu. Ƙasida tana da izinin ta yi ƙawa, ta yi ƙarin gishiri irin na mawaƙa, ta kwatanta abokan gaba da abin da ta ga dama. Zube kuwa aikinsa shaida, ya faɗi wuri da suna da shekara. Mai karatu bai taɓa ruɗewa ba a kan wace murya ce ta ke magana, domin ma'aunin waƙa da amsa-amo sun riga sun gaya masa. Mervyn Hiskett ya buga littafin da fassarar Turanci a Ibadan a 1963, kuma wannan fassara ce hanyar da yawancin 'yan boko suka bi suka san shi.

To, yaya wannan irin rubutu ya ke yi da ranar shan kaye? Jihadin bai tafi salin-alin ba. An yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, amma kafin shekarar ta fita aka yi Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa cikin waɗanda suka faɗi har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka yi Alwasa, kusa da Gwandu, inda jama'a ta sake shan mummunar kaye. Marubutan jihadi ba su ɓoye ko ɗaya ba. Abin da ya fi wannan ma, sun nemi dalilin kayen a cikin gida. Sun ambaci yadda rundunar ta wasashe garin Kwalde gab da Alwasa alhali babu yaƙi tsakaninta da mutanensa, suka bar mai karatu ya haɗa laifin da abin da ya biyo bayansa. A wurinsu kaye jarrabawa ce ko horo, saboda haka yana da gurbi a cikin labari. Marubucin da ya ɗauki kansa bawa ne a gaban hukuncin Ubangiji ba ya jin nauyin cewa an kore shi daga fage, tun da ba kansa ya ke yabo ba.

Wuri mafi nauyi a Tazyin shi ne inda Malam Abdullahi ya ba da labarin barinsa runduna. Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya ga yawancin abokansa na farko sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma da yawa hankalinsu ya koma ga muƙami da dawaki da ƙwaraƙwarai da tara dukiya. Sai ya juya ya nufi gabas, da niyyar isa ƙasa mai tsarki. Ya isa Kano, mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, daga bisani ya komo. Watau tafiyar gabas ta Malam Abdullahi ta tsaya a Kano, ta zama littafin fiƙihu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin Ganɗoki ma gabas zai nufa.

Shi Bello Kagara an haife shi a 1890, ɗan alƙalin Kagara ne, kuma wan Abubakar Imam. Yana yaro ɗan shekara goma sha ɗaya lokacin da sojojin Lugga suka ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, kuma iyayensa suna cikin waɗanda suka fita tare da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ke nan abin da ya sa a kashi na farko na littafinsa ba daga takarda ya same shi ba, ƙurar gudun ta taɓa shi. Da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Bello yana malami a Kwalejin Katsina, ya shiga, littafinsa ya fito tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. (Abin sha'awa ne cewa wa da ƙane duk daga Kwantagora suka ɗauko zaren labarinsu, domin Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ma a can ya ke zaune ya ke ba da nasa labarin.) East ya rubuta a mujallar Afirka a 1936 cewa ya sha wuya kafin ya shawo kan malamai su yarda ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai ilmi, domin a ganinsu wannan sha'anin mata da yara ne. Wannan yana taimakawa wajen gane abin da ya sa malami kamar Bello ya fara kafa ƙafarsa a kan tarihi, inda babu mai raina shi, kafin ya yi tsalle.

Sai dai muryar da ya zaɓa ba ta marubucin tarihi ba ce. Ganɗoki da kansa ya ke ba da labarinsa, kuma da harshen kirari ya ke bayarwa. Wannan shi ne mabuɗin littafin duka. Kirari a al'adar Hausa magana ce da namiji ya ke yi wa kansa a fage, ko maroƙi ya yi masa, ko ɗan tauri ne ko maharbi ko ɗan dambe ko barde. Ba a yin sa don a ba da rahoto, ana yin sa ne don a tsorata abokin karo a kuma zuga kai. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ta karyuwa: mai kirari ba ya faɗuwa a cikin kirarinsa. Ɗan damben da aka kashe jiya zai shigo fage yau ya yi kirarin da ya saba, babu kuma wanda zai ce ya yi ƙarya, domin kowa ya san irin maganar da a ke yi. Bello Kagara ya ɗauki wannan magana ta minti biyu a bakin fage ya shimfiɗa ta ta zama littafi. Daɗin karanta Ganɗoki daga nan ya ke fitowa: gajerun jimloli masu bin juna kamar sukuwa, sunayen makamai da na dawaki, zuga da take, da jarumin da ba ya shakkar kansa ko sau ɗaya. Wanda ya karanta shi a zuci ya yi asarar rabinsa, littafi ne na karantawa da ƙarfi a gaban jama'a.

Muddin ana yaƙi da masu baka da mashi, kirari da tarihi suna iya tafiya a hanya ɗaya. Da bindiga mai ruwa ta shigo, sai hanya ta ƙuntata. Marubucin ya yi dabarar da zai iya: a ci gari, amma jarumin ya fita da takobinsa a jiƙe, ya tafi gari na gaba ya sake tsayawa. Haka ya bi tutar masu ƙin Nasara har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru. Amma garuruwa suna ƙarewa. An ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, Attahiru ya fita ya nufi gabas jama'a suna bin sa, aka tare shi a Burmi ran 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Bayan Burmi babu sauran fagen da mai kirari zai tsaya a ƙasar Hausa. Abu uku ne suka rage wa marubucin. Ko ya kashe jaruminsa tare da Attahiru, amma matacce ba ya ba da labari. Ko ya sa shi ya ajiye takobi ya yi mubaya'a, amma nan take kirarin ya mutu, muryar littafin ta mutu tare da shi. Ko kuwa ya nema masa wani fagen da harsashi bai kai ba. Na ukun ya ɗauka. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka wuce gabas, suka shiga ƙasashen da a ke karo da aljannu da sarakunan da ba su san salla ba, suna ci suna musuluntarwa.

Saboda haka ɗinkin da a ke kuka da shi yana daidai kan Burmi. Aljannu sun shigo ne a ranar da tarihi ya daina ba jarumi abin da zai yi kirari da shi. Malam Abdullahi yana da gurbin da zai ajiye kaye, domin muryarsa ta mai shaida ce, mai iya tuhumar kansa da jama'arsa. Ganɗoki ba shi da wannan gurbi. In an duba ta nan, kashi na biyu shi ne amsar da littafin ya ba kashi na farko: duk nasarar da aka hana mayaƙan 1903 a gaban Nasara, an biya su ita ninki-ninki a gaban aljannu.

Ita kanta alƙiblar tafiyar ba ƙirƙira ba ce. Tun zamanin Shehu akwai zancen cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta yi hijira zuwa gabas ta sadu da Mahadi, ko da ya ke Shehu da kansa ya musanta cewa shi ne Mahadin. Wannan zance yana cikin abin da ya ɗaga dubban mutane suka bi Attahiru. Waɗanda suka tsira daga Burmi kuwa da gaske sun wuce: ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja su har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da har yau a ke kira Mai Wurno. Ke nan mutum uku na tarihi sun kama hanyar nan. Abdullahi ya tsaya a Kano, Attahiru ya kwanta a Burmi, Mai Wurno ya isa Nilu ya zama talakan wata gwamnatin Ingilishi. Ganɗoki ne kaɗai ya isa gabas ɗin da a ke mafarki, inda Musulmi mai takobi ba ya shan kaye. Mai karatun 1934, wanda wataƙila kawunsa ko maƙwabcinsa ya bi Attahiru bai komo ba, ya san abin da a ke taɓa masa.

Wannan ba ya nufin kashi na biyu ya kai na farko kyau. Bai kai ba. Da zarar an tabbata jarumi ba zai faɗi ba, kuma abokan karonsa ba su da suna ko tarihin da mai karatu ya sani, sai fargaba ta fita daga labarin. Yaƙi ya kan bi yaƙi, kowanne da sakamako iri ɗaya, sai dai a ƙara yawan runduna ko girman dodo. Mata ganima ne kurum, a ci gari a aura. In aka gwada da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya ke shan duka da ɗauri da kunya, yana cuta ana cutarsa shi da Malam Zurƙe, sai a ga Abubakar Imam ya fi wansa sanin cewa labarin al'ajabi ma yana bukatar jarumin da zai iya jin jiki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka ɗauko tushensa daga labarin wani jarumin Rasha, ya fara ne da gurgun yaro wanda ba ya iya tashi, kuma wannan rauni na farko shi ya ke sa a damu da ƙarfin da ya samu daga baya. Ganɗoki bai taɓa zama gurgu ba.

Akwai kuma wani abin da ya kamata malamai su juya a zukatansu. An saba gargaɗin ɗalibi a kan kashi na biyu, a ce masa wannan almara ce kada ya ɗauka gaskiya. Gargaɗin bai da amfani sosai, domin babu ɗalibin da zai rubuta a jarrabawar tarihi cewa an yi yaƙi da aljannu. Kashi na farko ne ya ke bukatar tsaro, saboda sunayen gaskiya suna sa a gaskata duk abin da aka jingina musu. Ibrahim Nagwamatse jinin Shehu ne, domin ubansa Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, amma abin da aka fi saninsa da shi a ƙasar Gwari da Kambari da Dakarkari shi ne harin bayi da ya mai da garuruwa kufai. A bakin Ganɗoki wannan hari jaruntaka ce, mutanen da a ke kamawa kuwa adadi ne. A nan littafin tarihi ba zai wadatar ba wajen gyara hoton, sai an haɗa da wani ƙagaggen labarin da ya fito daga gasa ɗaya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi ne daga wannan yanki, daga Kagara kusa da Bida, kuma a farkonsa ma akwai hari zuwa ƙasar Gwari. Amma Ɓalewa ya bi yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har aka sayar da ita aka ƙetare hamada da ita. Babu aljani ko ɗaya a ciki, babu kuma kirari. Wanda ya karanta Ganɗoki bai karanta Shaihu Umar ba ya ji labarin hari daga bakin mai doki kaɗai.

Tarihin ma bai ƙare yadda kirari ya ke so ba. Turawa sun kama Ibrahim Nagwamatse, sun tsare shi, sa'an nan a 1903 suka mai da shi gadonsa na Kwantagora, ya yi sarauta a ƙarƙashinsu har rasuwarsa a 1929, shekara biyar kafin a buga littafin. A Sakkwato kuma Waziri Buhari ya zaɓi ya komo ya sasanta don a tsare addinin waɗanda ba su iya hijira ba, har ya rubuta risala yana bayyana wa malamai hujjarsa. Wannan risala ta fi kusa da ruhun Tazyin: mutum ya tsaya a gaban kaye, ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, ya bar hukunci ga masu ilmi.

Tambaya ta kan taso: yaya aka yi hukumar Turawa ta buga littafin da jaruminsa ya ke saran sojojinta? Amsar tana cikin tsarin littafin. Yaƙin da aka yi da su an riga an gama shi shekara talatin, kuma su suka ci. Nasarorin jarumin duk a wata duniya suka auku, inda ba su rage wa Razdan ko Di'o kome ba. Da ya komo gida kuwa ya tarar da ƙasa a hannunsu, abin da ya rage masa shi ne ba da labari. A gwada wannan da abin da ya faru a Satiru, kudu da birnin Sakkwato, ba nisa da ƙasar Boɗinga. A watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayin da suka gudo, da gatura da fartanya da 'yan kibau, a ƙarƙashin malamai masu da'awar Mahadi irin su Ɗan Makaho, suka karya rundunar sojan doki, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka komo da babbar runduna, tare da goyon bayan sarakuna, aka shafe garin, ba a sake zama a cikinsa ba. Ga fage na gaskiya, shekara uku bayan Burmi, inda masu ƙaramin makami suka yi nasara ta kwana kaɗan a kan masu bindiga. Ganɗoki yana can yana fama da aljannu lokacin da a ke wannan. Da wuya a ce littafin da jaruminsa ya tsaya a Satiru zai sami shiga maɗaba'ar Zariya a 1934, kuma ba Turawa kaɗai zai ɓata wa rai ba.

Wajibi ne a keɓe wani nau'in rubutu kada a cuɗa shi da wannan magana. Raulul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara karamomin Shehu, kuma wasu manazarta na waje sun so su jefa irinsa cikin kwandon almara saboda yana ƙunshe da abin da ya saɓa wa al'ada. Kuskure ne na rabon kaya. Waziri Giɗaɗo ya zauna da Shehu, yana ba da labari ne a matsayin shaida, yana ɗaukar nauyin abin da ya faɗa a gaban Allah da mutane, masu karatunsa kuma a haka suka karɓa. Bello Kagara bai ɗauki wannan nauyi a kan aljannunsa ba, bai kuma nemi kowa ya gaskata su ba. Abin da ya raba tarihi da almara a wannan al'ada shi ne ko akwai wanda ya tsaya ya ce shi ne shaida, yawan abin mamaki ko ƙarancinsa bai shiga lissafi ba.

Dalilin da ya sa Ganɗoki ya ke ɗaukar kayan da ba nasa ba a makarantu shi ne ƙarancin abokan tafiya. Manyan littattafan da suka yi bayanin cin ƙasar Hausa, irin na D. J. M. Muffett na 1964 da na R. A. Adeleye na 1971, da Turanci su ke. Littattafan jihadi da Larabci su ke. Yaro mai karatun Hausa sau da yawa a bakin Ganɗoki ya ke fara jin sunan Nagwamatse da Attahiru. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makarantar Midil ta Sakkwato, ya ga irin wannan giɓi, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su haddace ƙasarsu da garuruwanta da labarinta cikin harshensu, aka buga ta a Zariya a 1973. A 1978 kuma shi da Jean Boyd suka fitar da ɗan littafi a kan shugabancin Shehu. Dabararsa ta waƙa tsohuwa ce a wannan yanki, ita ce ta Nana Asma'u da ta sa tarihin jihadi cikin baitoci don mata su riƙe. Sai dai waƙar koyarwa tana riƙe suna da wuri ne, ba ta sa yaro ya ji ƙarar kofato, kuma yaro ƙarar kofato ya ke bi.

Shi dai Bello Kagara ya san bambancin ayyukan biyu sarai. A 1951 ya fitar da tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka naɗa bayan sun tuɓe Sarki Yero a 1906, shekarar Satiru, ya kuma yi sarauta har 1944. Littafi ne na sarkin da ya zauna da Nasara ya yi aiki da su, ya je Makka ya je Ingila, kuma marubucin ya bi shi da sunaye da shekaru kamar yadda a ke rubuta tarihi. Ya riƙe alƙalanci a Katsina, ya zama Wali, ya rasu a 1971.